Ruwan Kogin Haɗejiya: Darasi Ga Masu Tsara Manyan Ayyuka

DAPCHI: Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Damaturu zuwa Gashuwa ta garin Dapchi domin saron shinkafa ko busasshen kifi, ya san cewa albarkar kasuwannin Gashuwa da Nguru ta rataya ne a kan ambaliyar da ke cika fadamun yankin kowace damina. Sai dai makomar wannan ruwa ana yanke ta ne can nesa, a jihar Kano.

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma aka kammala ta Challawa, dukansu a kan rafukan da ke shayar da Kogin Haɗejiya. Manufarsu ita ce noman rani da samar wa birnin Kano ruwan sha. Bisa ma'aunin kwangila, an gina su, kuma suna aiki.

Amma kogi bai san iyakar kwangila ba. Madatsun sun rage ambaliyar damina da manoma da masunta da makiyaya ke dogaro da ita, suka kuma sa ruwa na gudana har da rani. Wannan ya bai wa ciyawar kacalla damar yaɗuwa, ta toshe magudanai. Ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki, yayin da wanda ke isa Gashuwa daga Haɗejiya ya ragu.

A nan ne masana harkar gudanar da ayyuka ke bambanta abu biyu. Manhajojin kwamfuta irin su Primavera da Microsoft Project, waɗanda suka fito a farkon shekarun 1980, suna jera matakan aiki, su ƙididdige kwanaki da kuɗi, su nuna matakin da jinkirinsa zai jinkirta sauran. Amfaninsu ba ya musantuwa. Sai dai abin da aka zuba musu kawai suke lissafawa. In ba a sa masuncin Nguru cikin lissafi ba, kwamfuta ba za ta tuna da shi ba.

Abu na biyu shi ne duban al'amari ɗungurungum, wato bin diddigin yadda kowane ɓangare ke shafar ɗan'uwansa. A shekarun 1990, masana daga Jami'ar Landan suka kwaikwayi tafiyar ruwan fadamun a kwamfuta, masana tattalin arziki kuma suka kwatanta riba. Sakamakon ya nuna cewa ruwan da aka bar wa fadama yana samar da amfani ninkin-ba-ninkin na wanda aka kai filayen noman rani na Kano, ta fuskar noma da su da itacen girki. Kwamfuta ce ta yi lissafin a nan ma. Tambayar ce ta faɗaɗa.

A 2006 jihohi shida da ke cin gajiyar kogunan suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da ruwan, shekaru 32 bayan Tiga.

Don haka, mai shirin kafa injin casar shinkafa a Gashuwa ko gonar rani a bakin Komadugu Gana a Dapchi, kafin ya zana jadawalin aiki, ya kamata ya fara tambaya: wa ke riƙe da ruwan a sama, wa kuma ke jiransa a ƙasa?