Kalmar Ingilishi “burn” da wuraren da wutarta ke kaiwa

Yaron da ya shiga aji na fari na kwaleji a Nijar, inda ake soma koyon Ingilishi, ba ya jimawa sai ya gamu da kalmar “burn”. Malami ya ce masa ita ce “brûler” ta Faransanci, shi kuwa ya rubuta cikin littafinsa, yana tsammanin ya gama da ita. Alhali kuwa wannan fassara rabin hanya kaɗai take kai mutum, kuma saura rabin ne ke kayar da ƴan makaranta ranar jarrabawa.

Bahaushe ya kan ce manomi ya ƙona ciyawa, ya ce tuwo ya ƙone, ya ce fitila tana ci. Mutumin Ingila duk ukun da “burn” yake faɗinsu, ko wani ne ya sa wutar, ko abin ne ke ci don kansa. A da can ba haka ba ne. Tsohon Ingilishi na fiye da shekara dubu da suka wuce yana da kalmomi biyu, watau “beornan” ga abin da ke cin wuta, da “bærnan” ga mai cinna ta. Sannu a hankali suka narke suka zama ɗaya. Idan aikin ya riga ya wuce kuma, ana rubuta shi iri biyu: mutanen Amurka sun fi riƙon “burned”, na Ingila suna yin duka biyun, “burned” da “burnt”. Babu kuskure a cikinsu, sai dai ya kyautu mai rubutu ya tsaya kan guda, kada ya yi ta canzawa cikin takarda ɗaya.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne ƴan ƙananan kalmomin da ake maƙala mata a baya. In aka ce “burn down”, to gini ne ya ƙone ƙurmus, kamar yadda ta faru a birnin Landan cikin watan Satumba na 1666, sa'ad da gobara ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. In kuwa aka ce “burn out”, wuta ce ta mutu sabo da abin da take ci ya ƙare, kamar kyandir ko fitilar da ta shanye kananzirinta. Daga nan aka ɗauki kalmar aka ɗora wa ɗan Adam. A shekarar 1974 wani masanin halayyar mutane a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu da ita a kan ma'aikatan sa kai masu kula da marasa lafiya, waɗanda aiki ya tsotse har zuciyarsu ta mutu a kansa. A 2019 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninta cikin kundinta, ta ce hali ne da matsin aiki ke haifarwa, amma ba ta lasafta shi cikin cututtuka ba. Malamin da ke fama da aji cike maƙil tun safe har la'asar ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi.

Kalmar tana da dangi, kuma kowanne da gonarsa. “Singe” ita ce babbake gashi ko gashin kaza sama-sama. “Scald” ƙunar ruwan zafi ce ko tururi, asalinta ɗaya da “échauder” ta Faransanci. “Scorch” kuwa ƙuna ce da ba ta shiga ciki ba, irin wadda dutsen guga ke yi wa riga, ko rana ta yi wa ganyen gero in ruwa ya ɗauke. Ita ce aka gina “scorched earth” da ita, dabarar yaƙi ta ƙone gonaki da rumbuna don kada abokin gaba ya sami abin ci. Wannan lafazi ya shiga Ingilishi a 1937, daga labarun yaƙin Sin da Japan.

To, ga ramukan da wanda ya taso da Faransanci ke faɗawa. Direban da ya ƙetare jar wuta, a Faransanci an ce ya ƙona ta. A Ingilishi ba a faɗin haka ko kusa, “run” ake cewa ko “jump”. A wani wurin kuma abin ya juya: zuba waƙa ko hoto cikin faifan CD “burn” ne ga Ingilishi, Faransanci kuwa ya ce “graver”. A ƙasar Sikotilan ma akwai wata “burn” dabam, ma'anarta ƙorama, ita ce ke cikin sunan Bannockburn, inda aka gwabza yaƙi a 1314. Wuta da ruwa ke nan cikin haruffa huɗu.

Waɗannan dai maki kaɗai suke ci. Akwai wanda ya fi su nauyi, tun da yake magunguna da kaya masu yawa da ke shigowa kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni daga Najeriya, da Ingilishi aka rubuta bayaninsu. Wanda ya ga “heartburn” a jikin kwali ya kan zaci maganin ciwon zuciya ne, don “heart” zuciya ce. Alhali ƙwannafi ake nufi, watau tsamin ciki da ke hawowa ƙirji, kuma mai ciwon zuciya na gaske in ya dogara da wannan magani ya ɓata lokacin da ya kamata ya je wurin likita. Haka nan in aka rubuta “causes burns” a jikin galan, ba wai abin yana kama wuta ba ne. Ana gargaɗi ne cewa ruwan ciki yana cin fata da ido, kamar ruwan batir ko sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, sabo da haka sai a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.