Yadda Ƙananan Hukumomi a Ingila Ke Sayen Ayyuka Daga Ƙungiyoyin Agaji

A Ingila, da yawa daga cikin ayyukan jin ƙai da doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi ba ma'aikatansu ne ke yin su da hannunsu ba. Kula da tsofaffi da naƙasassu a gidajensu, da mafakar matan da suka tsere wa dukan miji, da masaukin marasa gida, da cibiyoyin raba mutane da shaye-shaye, da ofisoshin ba da shawara ga wanda bashi ya yi wa katutu, galibi hukumar ce ke biyan kuɗinsu, amma wasu ne ke gudanar da su. Wasu daga cikin masu gudanarwar kamfanoni ne masu neman riba, wasu kuma ƙungiyoyin agaji ne da na sa-kai. Doka ta yarda hukuma ta miƙa aikin ga wani, sai dai alhakin yana nan a wuyanta. Idan tsoho ya rasa kulawar da ta zama haƙƙinsa, hukumar za a tuhuma.

Ƙananan hukumomin Ingila sun haura 300, amma kimanin 150 ne kawai ke da nauyin kula da manya masu rauni da yara, kuma su ne manyan masu saye. Kuɗinsu na fitowa daga harajin gidaje da mazauna ke biya, da kason harajin shaguna da masana'antu, da abin da gwamnatin tsakiya ke turowa. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyoyin agaji masu rajista a Ingila da Wales sun kai kimanin 170,000. Mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai, ba su taɓa neman kwangila ba kuma ba za su nema ba. Kaɗan ne suka girma har suna da dubban ma'aikata, irin su Barnardo's da Action for Children a fannin yara, da Mencap da Leonard Cheshire a fannin naƙasa, da Turning Point da Change Grow Live a fannin shaye-shaye. Abin da ya haɗa babba da ƙarama shi ne ba wanda ke raba riba. Kwamitin amintattu ne ke riƙe da ƙungiya, galibi ba a biyansu ko kwabo, kuma duk rarar da aka samu dole ta koma ga manufar da aka kafa ƙungiyar dominta.

Ba haka lamarin ya faro ba. Bayan yaƙin duniya na biyu galibi hukumomi ne ke da gidajen tsofaffi da na marayu, su ke ɗaukar ma'aikata, ƙungiyoyi kuma suna cike giɓi a gefe da ɗan tallafin da ake ba su duk shekara. Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta juya akalar. Dokokin 1980 da 1988 sun tilasta wa ƙananan hukumomi su sa wasu ayyuka a gasa, kamar gyaran gine-gine da kwasar shara. A 1988 Sir Roy Griffiths, wanda ya fito daga shugabancin kantunan Sainsbury's, ya miƙa rahoton da ya ba da shawarar hukuma ta zama mai tsarawa da saye maimakon mai yin komai da kanta. Dokar 1990 kan lafiya da kula da jama'a ta ɗauki shawarar, aka fara aiki da ita sosai a 1993, tare da sharaɗin cewa kashi 85 cikin ɗari na kuɗin musamman da aka ba hukumomi don wannan sauyi sai an kashe shi wajen masu aiki na waje. Gwamnatin Tony Blair ta soke tilasta gasar da dokar 1999, amma ba ta koma baya ba. Ta ma ƙara jawo ƙungiyoyi cikin aikin gwamnati, ta kuma ƙulla yarjejeniyar mutunta juna da su a 1998. Kafin shekara ta 2010, mafi yawan kuɗin da ƙungiyoyin ke samu daga gwamnati ya riga ya koma na kwangila, tallafi ya zama ɗan tsiraru.

Bambancin waɗannan biyun shi ne jigon maganar. A tallafi, ƙungiya ce ke da tunanin aikin. Ta ga matsala a unguwa, ta tsara maganinta, hukuma ta ga ya dace ta sa hannu. Idan kuɗi ya rage akan mayar, idan aiki bai yi kyau ba iyaka a ƙi sabuntawa. A kwangila kuwa hukuma ce ke faɗin abin da take so, da yawansa, da lokacinsa, da farashinsa. Ƙungiyar da ta gaza cikawa ana iya kai ta kotu, kuma idan aikin ya ci fiye da abin da aka yi tsada, asarar tata ce. Wato da aka tashi daga tallafi zuwa kwangila, ikon yanke abin da jama'a ke buƙata ya koma hannun hukuma, haɗarin asara kuma ya gangaro kan ƙungiya.

Sayen kansa yana bin matakai. Da farko jami'an hukuma, tare da hukumar lafiya ta NHS, suna auna buƙatun yankinsu: tsofaffi nawa ne, yara nawa ke cikin haɗari, ina shaye-shaye ya fi ƙamari. Daga nan a rubuta takardar da ke bayyana aikin dalla-dalla. Hukumar da ta san abin da take yi takan kira ƙungiyoyi da masu amfana da aikin su zauna tun kafin a rubuta takardar, domin kuskuren da ya shiga cikinta yakan bi kwangilar har ƙarshenta. Sai a tallata a shafin intanet na gwamnati, masu sha'awa su aiko da tayinsu. Ana ba da maki a kan inganci da kuma farashi, kuma tun a talla ake faɗin nauyin kowanne. Wannan rabon maki shi ke nuna ainihin niyyar hukuma, don inda farashi ya ɗauki kaso mafi tsoka an riga an san mai arha ne zai ci. Bayan an zaɓi wanda ya yi nasara akan dakata na 'yan kwanaki domin wanda ya faɗi ya samu damar ƙorafi, sannan a sa hannu. Abin da ya rage shi ne sa ido: rahoto duk wata uku, da alƙaluman mutanen da aka taimaka, da ziyarar jami'ai.

Hanyar biya ma iri-iri ce, kuma kowace tana ɗora nauyi a wani wuri dabam. Akwai inda hukuma ke sayen aiki a dunƙule, misali gado ashirin a gidan mafaka na tsawon shekara uku, ko an cika su ko ba a cika ba. Wannan ya fi kwantar wa ƙungiya hankali. Akwai inda ake saye ɗaya-ɗaya, a biya gwargwadon sa'o'in da aka yi wa kowane mutum hidima, ƙungiya ba ta san abin da zai shigo mata watan gobe ba. Akwai jerin sunaye da ake shiga bayan tantancewa, wanda shiga cikinsa ba alkawarin samun aiki ba ne. Akwai kuma biya bisa sakamako, inda sai an ga mutum ya daina shan ƙwaya ko ya zauna a gida ɗaya na wasu watanni kafin kuɗi ya fito. Ƙungiyar da ba ta da ajiya ba ta iya jiran wannan, shi ya sa aka ƙirƙiro tsarin da masu zuba jari ke ba da kuɗin farko, hukuma ta biya su idan an yi nasara. Hukumar Essex ta gwada shi a 2012 tare da Action for Children don hana matasa faɗawa hannun riƙon hukuma. Tun daga dokar 1996 kuma ana iya miƙa wa naƙasasshe kuɗin kulawarsa a hannu ya zaɓi wanda zai yi masa hidima, a nan shi ne mai saye, ba jami'i ba.

Dokokin gasar sun daɗe suna bin tsarin Tarayyar Turai, wanda aka zuba cikin ƙa'idojin 2015. Ko a lokacin, ayyukan jin ƙai da na lafiya suna da sassauci, ba a matsa musu kamar kwangilar gina hanya ba, amma jami'ai da yawa sun gwammace su bi hanya mafi tsauri don tsoron a kai su ƙara. Bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar aka yi sabuwar doka a 2023, ta fara aiki a watan Fabrairun 2025. Ta ba da damar zaɓen tayin da ya fi amfani gaba ɗaya ba lallai mafi arha ba, ta kuma sa a biya 'yan kwangila cikin kwana 30. Kafin ita akwai dokar 2012 da ɗan majalisa Chris White ya gabatar, wadda ta ce hukuma ta duba amfanin da kwangila za ta jawo wa al'umma, kamar ɗaukar 'yan unguwa aiki. An zaci ƙungiyoyin agaji ne za su fi cin moriyarta. A aikace, manyan kamfanoni masu ƙwararrun marubuta tayi sun iya cike wannan sashe tsaf, wani lokaci fiye da ƙaramar ƙungiyar da ta shekara talatin a unguwar.

Babbar matsalar ita ce kuɗin. Tun 2002 Baitulmalin Birtaniya ya amince cewa ya kamata kwangila ta biya cikakken abin da aiki ya ci, har da hayar ofis da albashin akanta da horar da ma'aikata. Amma daga 2010 aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ƙiyasta cewa tsakanin 2010 da 2018 kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomi ya ragu da kusan rabi idan aka yi la'akari da tsadar kaya. Hukumomi suka riƙe abin da doka ta wajabta, suka saki sauran. Ƙungiyar YMCA ta lissafa cewa kuɗin ayyukan matasa ya faɗi da kimanin kashi 70 cikin ɗari a ƙasa da shekara goma. Abin da aka ci gaba da saye kuma aka daskarar da farashinsa, alhali mafi ƙarancin albashi na hawa kowace shekara tun 2016, kuma a Afrilun 2025 aka ƙara harajin da mai ɗaukar ma'aikata ke biya zuwa kashi 15 cikin ɗari.

Kamfani idan ya ga kwangila ba riba sai ya kama gabansa. Ƙungiyar agaji tana ganin idon mutanen da take yi wa hidima, sai ta ɗebo daga sadakar jama'a ko daga ajiyarta ta cike giɓin. Ta haka kuɗin da wani ya bayar don a yi abin da gwamnati ba ta yi, ya koma biyan abin da doka ta wajabta wa gwamnati. Hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta ja kunnen amintattu su yi lissafi sosai kafin su karɓi irin wannan aiki, kuma a 'yan shekarun nan ƙungiyoyi da dama sun mayar wa hukumomi kwangilolinsu. Waɗanda ba su farga da wuri ba sun durƙushe. A 2016 ƙungiyar 4Children mai gudanar da cibiyoyin yara ta rushe, a 2017 kuma Lifeline ta birnin Manchester mai aikin shaye-shaye ta bi sahu da ma'aikata sama da dubu, wasu ƙungiyoyi suka kwashi ayyukansu cikin gaggawa.

Girman kwangila ma na tace masu shiga. Jami'an da aka rage musu yawa sun fi son kwangila ɗaya babba a kan ƙanana goma, sai a haɗe ayyukan gunduma guda a sa sharaɗin kuɗin shiga da na inshora da ƙaramar ƙungiya ba ta kai ba. Mafakar mata da ke hidima ga wata ƙabila ko wani addini, wadda matan suka amince da ita saboda tana jin harshensu, ta sha faɗuwa a irin wannan gasa. Abin da ya rage mata shi ne ta zama 'yar rakiya a ƙarƙashin babban ɗan kwangila, wanda zai iya sa sunanta a tayi don ƙawa, ya ci aikin, sannan ya tura mata abin da bai taka kara ya karya ba. Idan kwangila ta sauya hannu, dokar TUPE ta sa ma'aikata su koma wurin sabon mai aiki da albashinsu da sharuɗɗansu. Wannan kariya ce gare su, amma ma'aikaci ɗaya yakan sauya iyayen gida sau da yawa yana zaune a ofishi ɗaya, kuma duk lokacin da wa'adi ya kusa cika ƙwararru kan fara neman wani wuri.

Akwai kuma batun baki. Ƙungiyoyin agaji sun samu martabarsu ne da faɗa wa hukuma gaskiya a madadin marasa galihu. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Wasu kwangiloli na ɗauke da sharaɗin kada a yi magana da 'yan jarida sai da izini, amma ko babu sharaɗin, shugaban ƙungiyar da ke jiran sabunta kwangila a baɗi yakan auna kalamansa a kan jami'in da zai ba shi maki.

Hukumomin ma ba a kan gadon daɗi suke ba. Northamptonshire a 2018, da Croydon a 2020, da Birmingham da Nottingham a 2023, duk sun fitar da sanarwar da doka ta tanada idan hukuma ta kasa daidaita kasafinta, wadda ke tsayar da duk wani sabon kashe kuɗi in ba na dole ba. Ƙa'idar gwamnati ta 2011 ta ce a ba ƙungiya sanarwar aƙalla wata uku kafin a yanke mata kuɗi, abin da ke ba ta damar sallamar ma'aikata bisa doka, ba damar samun madadin kuɗin ba.

Wasu hukumomi sun nemi wata hanya. Doka ba ta taɓa hana tallafi ba, kuma akwai waɗanda suka koma gare shi don ƙananan ayyukan unguwa, inda kuɗin shirya gasa ke neman kamo kuɗin aikin kansa. A 2019 birnin Plymouth ya haɗe tarin kwangilolinsa na marasa gida da masu shaye-shaye ya miƙa su ga gamayyar ƙungiyoyi a ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya mai dogon wa'adi. Jami'an hukuma da shugabannin ƙungiyoyin suna zama a teburi ɗaya su yanke inda kuɗi zai tafi, kuma mutumin da ke fama da rashin gida da ƙwaya da taɓin hankali a lokaci guda ba ya buƙatar ya bi ƙofa uku yana maimaita labarinsa. Irin wannan tsari yana buƙatar jami'ai masu zama su daɗe a kujerarsu, da kansilolin da za su yarda su ɗaure kuɗi na shekaru masu yawa, alhali gwamnatin tsakiya ta shafe shekaru a jere tana sanar da hukumomi kasonsu na shekara ɗaya-ɗaya.