Ciwon Suga da Ƙoda: Hanyar Namiji Daban, ta Mace Daban

Ƙoda biyu ne a jikin mutum, kowace ba ta wuce girman dunƙulen hannu ba, suna kwance a kuiɓi ta wajen baya. A cikin kowace akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A kwana ɗaya suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga jini, su mayar wa jiki kusan duka. Ɗan abin da ya rage, lita ɗaya zuwa biyu, shi ne fitsari. Idan suga ya yi shekaru yana yawa a jini, matatan nan sukan gaji, su fara yoyo, kamar tsohuwar rariya da ke zubar da tsaki tare da gari. Furotin, wanda ya kamata ya tsaya a jini, sai ya riƙa bin fitsari. Kimanin mutum ɗaya cikin uku masu ciwon suga sukan gamu da wannan matsala, kuma hawan jini, abokin tafiyar suga, yakan ƙara mata gudu.

Ɓarnar ba ta zuwa da zafi. Mutum zai yi shekaru yana cin kasuwar Talata, yana noma, yana hidimarsa, alhali ƙodarsa na raguwa. Wani lokaci abin da za a fara gani shi ne kumfa a fitsari, mai kauri kamar ta sabulu, wadda ba ta saurin kwantawa. Daga baya takalmi ya fara matse ƙafa da yamma, fuska ta tashi da kumburi da safe. Kafin a kai ga amai, ƙaiƙayi da kasala, an riga an yi nisa.

Wannan kowa da kowa ne. Inda hanya ta rabu shi ne yadda ciwon ke tafiya. Ƙididdigar ƙasashe da yawa ta nuna mata sun fi maza yawa cikin masu ciwon ƙoda, amma maza sun fi saurin kaiwa ga mutuwar ƙodar baki ɗaya. A wajen mai suga namiji, furotin ya fi yawan bayyana a fitsari, kuma da zarar ya bayyana, ƙodar takan yi saurin gangarawa.

Wani ɓangare na dalilin halitta ce, wani kuma hali ne. Taba tana ƙuntata jijiyoyin jini, kuma maza suka fi shan ta. Manomin rani a filayen Bakolori, madatsar ruwan da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, wadda ke shayar da gonakin Talata Mafara, Bakura da Maradun, yakan wuni cikin rana yana zuba gumi. Da yamma jiki ya yi tsami, ya biya kemis a haɗa masa ƙwayoyin ciwon jiki, irin su ibuprofen da diclofenac. Ƙarancin ruwa a jiki da waɗannan ƙwayoyi, a kan ƙodar da suga ya riga ya raunana, kaya ne a kan kaya. Ga tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan kwance na noman rani. Idan ta daɗe takan bar tabo a mafitsara da hanyoyin da fitsari ke saukowa daga ƙoda. Dattijo kuma yana da tasa matsalar: ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza yakan kumbura da tsufa, fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ya taru ya danne ƙoda ta baya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa likita ba. Suga yana kashe ƙarfin namiji, don haka mai ciwon yakan koma ga masu tallar maganin ƙarfin maza a bayan mota ranar kasuwa, ya sha haɗin da ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Ƙoda ce za ta tace shi.

Mace tana da wata garkuwa a shekarun haihuwa: sinadarin istirojin yana kare jijiyoyin jini da matatan ƙoda. Sai dai suga yana rage ƙarfin wannan garkuwa, kuma bayan ɗaukewar al'ada takan tafi. Sannan ciwon ƙodar mace ya fi iya ɓuya. Sau da yawa ƙarfin tacewa yana raguwa ba tare da furotin ya fito a fitsari ba, a gwada fitsarin a ce lafiya lau. Gwajin jini ma yana da nasa tarko. Abin da ake aunawa, kiriyatinin, daga tsoka yake fitowa, mace kuwa ba ta kai namiji tsoka ba. Lamba ɗaya a takardar miji da ta matarsa ba ma'ana ɗaya ba ce: tasa tana iya zama daidai, tata kuwa alamar ƙoda ta yi rauni. Shi ya sa ake haɗa lambar da shekaru da jinsi a fitar da ainihin ƙarfin tacewa. Idan ya tsaya ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ya tabbata; ƙasa da 15, ƙodar ta kusa ajiye aiki.

Hanyar fitsarin mace gajeruwa ce, kimanin santimita huɗu, don haka ƙwayoyin cuta ba su da nisan tafiya zuwa mafitsara, fitsari mai suga kuwa abinci ne a gare su. Zafin fitsarin da ake kira sanyi, a yi ta jiƙe-jiƙe a kansa, yana iya haurawa ƙoda da zazzaɓi da ciwon kuiɓi. Kowane zuwa yana iya barin tabo.

Ciki shi ne babban gwaji. Mai suga ta fi shiga haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga, kuma kumburin ƙafarta sai a ce ai na ciki ne, haihuwa za ta sauke shi. Zubar jini mai yawa wajen haihuwa yana iya tsayar da ƙoda farat ɗaya. Matar da suga ya taso mata lokacin ciki kawai, ya kwanta bayan ta sauka, tana cikin haɗarin dawowarsa nan gaba. Kunun kanwa na jego ma abin dubawa ne: likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan shansa da ciwon zuciyar masu jego, saboda gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki. Ga mai suga da hawan jini, wannan nauyi ne da ƙodarta ba ta buƙata.

Magani ma yana duba jinsi. Lisinopril da losartan suna sauke hawan jini, suna rage yoyon furotin, amma suna cutar da ɗan tayi, don haka mai shirin ɗaukar ciki sai likita ya canza mata. Sababbin magunguna irin su dapagliflozin suna jinkirta lalacewar ƙoda ga kowa, sai dai sun fi jawo wa mata ƙaiƙayin gaba. Metformin, maganin suga, ana rage shi idan ƙoda ta yi rauni. Idan kuma tsohon mai ciwo ya ga sugansa ya fara sauka da kansa, har yana jiri da gumi, kada a yi saurin murna: ƙodar da ta gaza ba ta fitar da insulin da wasu magunguna da wuri. Mai nau'in suga na manya ana son ya gwada fitsari da jini duka biyu sau ɗaya a shekara, tun daga ranar da aka gano ciwon.

Idan ƙoda ta tsaya, sai wankin ƙoda da inji, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu. Daga Talata Mafara wannan na nufin hawa mota zuwa Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga kuɗin wanki, ga na mota, ga fargabar hanya. Mace sai ta jira izini, da kuɗi, da mai rakiya. Dashen ƙoda kuwa, Asibitin Malam Aminu Kano yana yin sa tun 2002. Ranar Ƙoda ta Duniya ta 2018, wadda ta faɗo 8 ga Maris, daidai da Ranar Mata, an keɓe ta ne ga lafiyar ƙodar mata, saboda a ƙasashe da dama su suka fi bayar da ƙoda ga miji, ɗa ko ɗan'uwa, maza kuma suka fi samun wanki da dashe.