Mas'alar Kunkunniyar Injin Mota: Ko Gudu Yana Wanke Ta?

Magana ta yawaita a tashoshi da rumfunan kasuwa, cewa motar da ake lallaɓawa cikin gari injinta yakan toshe da kunkunniya, maganinta kuwa wai a hau babbar hanya a take totur. Zancen yana da asali, sai dai hukuncin ba ɗaya ba ne ga kowace mota.

A motocin da masu kafireto, da na bayansu masu fesa mai a bakin bawul, fetur yakan bi ta kan bawul kafin ya shiga silinda, yana wanke shi kamar yadda ruwa ke wanke allo. Tafiya mai nisa kuwa, kamar daga Kano zuwa Zariya, tana da fa'ida ga kowane inji: in bakin fulogi ya kai zafin daraja 450 ko fiye, baƙin da ke kansa yakan ƙone, ruwa da fetur da suka gauraya da baƙin mai su fice. Wannan ba ya bukatar gudun ganganci, ya ishe shi injin ya ɗauki zafi ya daɗe a haka.

Amma a shekarar 1996 kamfanin Mitsubishi na Japan ya fitar da injin GDI, daga baya Volkswagen na Jamus ya biyo da FSI, kuma irinsu suna cikin motocin Kwatano da fatake ke saye. A nan cikin silinda ake fesa fetur kai tsaye, bawul ɗin shigar iska ba ya samun ko ɗigo. Tururin baƙin mai da ake mayarwa injin ya ƙone, shi ke bi ta kansa, ya lafe, ya gasu, ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Gudu ba ya kankare ƙanzon nan. Maganin da ake zubawa a tanki ma asarar kuɗi ce a wannan babi, gama ba ya isa wurin. Direban da ya jefa rayukan fasinja cikin haɗari da wannan hujja, hujjarsa ta faɗi.

Alamar cutar, injin ya riƙa rawa da safe, ƙarfinsa ya ragu, shan mai ya ƙaru. Makanikai sukan buɗe bututun iska su feshe bawul da niƙaƙƙen ɓawon ɗan itacen da Larabawa ke kira jauzu. Juye baƙin mai a kan kari yana jinkirta ta. Toyota kuwa tun 2005 ta fara injin D-4S mai fesawa a wuraren biyu, don haka ya kamata mai saye ya tambayi irin injin kafin a yanke ciniki.