3.2 Ikon 'Yan Sanda na Kama Mutum a Ingila da Yadda ya Shafi Ƙwararrun 'Yan Ƙwallon Ƙafa

A wannan sashe za a yi bayani a kan ikon da doka ta bai wa 'yan sandan Ingila da Wels na kama mutum ba tare da waranti ba, sannan a duba yadda aka yi amfani da wannan iko a kan wasu ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa. Dalilin zaɓen 'yan ƙwallo shi ne, su mutane ne da ke aikata abu a gaban dubban jama'a, kuma suna ƙarƙashin hukumomi biyu a lokaci guda, wato hukumar ƙwallo da kotun ƙasa. Saboda haka shari'o'insu sukan fito da iyakar ikon ɗan sanda a fili.

3.2.1 Tushen Ikon

Tushen wannan iko shi ne dokar 'yan sanda da shaidar laifuffuka ta shekarar 1984, wadda aka fi sani da PACE. Sashe na 24 na dokar ya yarje wa ɗan sanda ya kama wanda ya samu yana aikata laifi, ko yake shirin aikatawa, ko kuma wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin ya aikata. Zato kawai ba ya wadatarwa. Wajibi ne dalilin ya kasance irin wanda mai hankali zai gamsu da shi idan aka shimfiɗa masa.

A farkon kafa dokar, an ware wasu laifuffuka da ake kama mutum a kansu kai tsaye, galibi waɗanda hukuncinsu ya kai ɗaurin shekara 5 ko fiye. An soke wannan rabe-rabe da wata doka ta 2005 wadda ta fara aiki a watan Janairu na 2006. Daga lokacin ana iya kama mutum a kan kowane irin laifi, amma da sharaɗin ɗan sandan ya yi imani cewa kamun ya zama dole. Daga cikin abubuwan da ke sa ya zama dole akwai rashin sanin sunan mutum ko mazauninsa, da hana shi cutar da kansa ko wani, da kare yaro ko mai rauni, da gudun kada ya ɓace, da kuma buƙatar gudanar da bincike cikin hanzari.

Sashe na 28 ya wajabta a gaya wa wanda aka kama cewa an kama shi, a kuma faɗa masa dalili. Idan aka kai shi caji ofis, akwai jami'in tsaro na musamman, mai muƙamin saje ko sama da haka, wanda ba ya cikin masu binciken, shi ne zai yanke ko a tsare shi. Yana da damar ganin lauya kyauta da sanar da wani nasa. Ba a tsare shi fiye da awa 24 ba tare da tuhuma ba, sai dai a manyan laifuffuka inda sufurtanda kan iya ƙarawa zuwa awa 36, kotun majistare kuma zuwa awa 96.

3.2.2 Laifi a Cikin Filin Wasa

A nan ne matsalar ta fi sarƙaƙiya. Duk wanda ya shiga fili ya amince a ture shi, a taka shi, har ma ya ji rauni. To, ina ne wannan amincewa ta tsaya?

Misalin da ya fi shahara shi ne na Eric Cantona, Bafaranshen da ke buga wa Manchester United. A ranar 25 ga Janairu, 1995, a filin Selhurst Park da ke Landan, alƙalin wasa ya ba shi jan kati a karawarsu da Crystal Palace. Yana kan hanyar fita sai ya yi tsalle ya kai wa wani ɗan kallo da ke zaginsa shuri, ya bi shi da naushi. Akwai 'yan sanda a filin, kuma an ɗauki hoton abin, amma ba a tsare shi a daren ba. Sai a watan Fabrairu aka tuhume shi da laifin duka mara tsanani. Idan aka lura, wannan laifi iyakar hukuncinsa wata 6 ne, don haka ba ya cikin waɗanda ake kama mutum a kansu kai tsaye a wancan zamani. Haka kuma babu wanda zai ce bai san sunan Cantona ko inda za a same shi ba. Bugu da ƙari, janye shahararren ɗan wasa da ankwa a gaban 'yan kallon da ransu ya riga ya ɓaci zai iya haddasa rikicin da ya fi na farko muni. A watan Maris kotun majistare ta Croydon ta yanke masa ɗaurin mako 2, amma da ya ɗaukaka ƙara aka mayar da shi aikin yi wa al'umma hidima na awa 120. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila kuwa ta dakatar da shi har ƙarshen Satumba na shekarar. Wato hukuncin hukumar wasa ya fi na kotu nauyi nesa ba kusa ba.

Duncan Ferguson bai samu irin wannan sassauci ba. A watan Afrilu na 1994, yana buga wa Rangers, ya yi wa John McStay na Raith Rovers karo da kai a filin Ibrox. Alƙalin wasa bai ko ba shi kati ba. Duk da haka masu gabatar da ƙara suka bi maganar, kuma kasancewar yana da laifuffukan duka a baya, aka yanke masa wata 3 a 1995. Ya yi kwana 44 a kurkukun Barlinnie, a lokacin ya riga ya koma Everton. Ya kamata a lura cewa a Sikotlan aka yi wannan shari'a, inda dokar PACE ba ta aiki, amma darasin ɗaya ne: shirun alƙalin wasa ba ya ɗaure hannun hukuma.

Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yi ƙoƙarin shata iyaka a shari'ar Barnes ta 2004. Ta bayyana cewa tun da wasanni suna da nasu hanyoyin ladabtarwa, bai kamata a kai ɗan wasa kotu ba sai abin da ya yi ya munana har ya fita daga abin da ake tsammani a wasan. A shekarar da ta biyo baya, Lee Bowyer da Kieron Dyer, dukansu 'yan Newcastle, suka dambace a tsakiyar fili. Bowyer ya amsa laifin nuna halin barazana, aka ci shi tarar fam 600 a 2006.

3.2.3 Laifi a Wajen Fili

A waje kam babu wani bambanci tsakanin ɗan ƙwallo da kowa. Tony Adams, kyaftin ɗin Arsenal, ya yi haɗari da mota yana cikin maye a 1990, aka ɗaure shi wata 4 a watan Disamba. Jermaine Pennant ya shiga kurkuku a 2005 saboda tuƙi cikin maye alhali an riga an hana shi tuƙi, kuma da aka sake shi ya buga wa Birmingham City wasa da na'urar sa ido ɗaure a ƙafarsa.

Sai dai kamu ba hukunci ba ne, ko da yake jaridu kan nuna kamar haka yake. An kama Steven Gerrard na Liverpool a garin Southport a watan Disamba na 2008 bayan wani faɗa a mashaya, amma a watan Yuli na 2009 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi. Tsawon wata 7 yana ɗauke da tuhumar yana kuma buga wasa.

Wannan tazara tsakanin kamu da hukunci ita ce ta fi damun ƙungiyoyi, domin doka ba ta gaya musu ko su dakatar da ɗan wasa ko su bar shi ba. Dokar 2017 ta ƙayyade belin 'yan sanda na farko zuwa kwana 28, abin da ya sa aka riƙa sakin mutane ba tare da beli ba ana cewa ana ci gaba da bincike, wani lokaci har fiye da shekara. A 2022 aka mayar da wa'adin wata 3. A wannan shekara ce kuma kotun ƙoli ta Birtaniya, a shari'ar kamfanin Bloomberg, ta tabbatar da cewa wanda ake bincika yana da haƙƙin a sakaya sunansa kafin a tuhume shi. Shi ya sa jaridun Ingila kan ce an kama wani ɗan wasan gasar Firimiya, su faɗi shekarunsa, su ɓoye sunansa. Amma ga mutumin da ake lura da rashinsa a jerin 'yan wasa duk ranar Asabar, wannan kariya ba ta da ƙarfi sosai, musamman idan ƙungiyarsa ta dakatar da shi ba tare da faɗin dalili ba.