Ƙurji a Al'aura Bayan Saduwa: Fargaba da Lissafin Kwanaki

Da tsakar dare mutum ya kulle kansa a banɗaki, ya kunna tocilan waya yana duba gabansa. Kwana biyu ke nan da saduwa, yanzu ga ƙaiƙayi, ga wani ɗan jan tabo da bai tuna ko da ma yana wurin ba. Ya shiga intanet, hotunan da suka fara fitowa su ne mafi muni, domin irinsu ake ɗorawa. Kafin a kira assalatu ya riga ya yanke wa kansa hukunci: cutar harfis ce, rayuwa ta ƙare.

Likitoci sun saba da irin wannan mutum, namiji ko mace. Abin da suke fara tambaya shi ne rana: yaushe aka sadu, yaushe abin ya fito? Idan mutum ya ɗauki ƙwayar harfis kuma za ta nuna kanta, yawanci takan ɗauki kwana 2 zuwa 12. Zafin da aka ji washegari da safe ya fi kama da gogayya, ko fatar da ba ta jituwa da sabulu ko robar kwaroron roba. Wanda ya yi aski da reza yakan ga ƙuraje masu farin kai a gindin gashi, kowane da silin gashi a tsakiyarsa. Ga mata kuma, ƙaiƙayi mai zuwa da farin ruwa mai kauri sau da yawa na ƙwayar naman gwari ne, maganinsa daban. Sannan ga abin da mai fargaba ke yi wa kansa: yana ja, yana matsa, yana wankewa da ruwan zafi da Dettol, har fatar ta yi ja da gaske, sai ya ce ga shaida.

Harfis tana da nata kamanni. Takan fara da tsikari ko zafi-zafi a wuri guda, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a dunƙule, su fashe su bar gyambo mai raɗaɗi, fitsari ya taɓa ya yi zogi. Fitowar farko ita ce mai wahala, tana iya zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki da kaluluwa a matsematsi, ta kai mako biyu zuwa huɗu kafin ta warke. Gyambo guda ɗaya mai tauri wanda ba ya ciwo, wanda ya fito wajen mako uku bayan saduwa, wannan ya fi kama da tunjere, kuma rashin zafinsa ne haɗarinsa, don yakan bushe da kansa cutar na ci a ciki. Allurar fenisilin na kashe ta.

Ƙwayar harfis iri biyu ce. HSV-1 ita ce mai ƙurajen bakin leɓe da ake cewa na zazzaɓi, yawancin mutane tun suna yara suka ɗauka, kuma tana iya sauka al'aura ta hanyar baki. HSV-2 ita ce ta saduwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ta farko, miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ta biyu, kuma Afirka ce kan gaba. Mafi yawansu ba su ma sani ba, domin ƙwayar kan maƙale a jijiya ta yi shiru, wani lokacin shekaru.

A nan ya kamata ma'aurata su yi hattara. Fitowar ƙuraje yau ba ta nuna cewa jiya aka ɗauka. Bazawara na iya shigowa da ita daga auren baya ba ta sani ba, miji na iya ɗauke da ita tun yana saurayi bai taɓa ganin ko ƙurji ɗaya ba. Zargin cin amana a kan ƙurji kawai zalunci ne, kuma galibi a kan mace yake faɗawa, alhali mata ne suka fi saurin ɗauka daga maza. Haka ɗora wa masai laifi ba shi da tushe: fata da fata ke yaɗa ta, ƙwayar ba ta daɗewa a waje.

Gwaji ma yana da lokacinsa, kuma a nan kunya ke cutar da mutane. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a goga auduga a kan gyambon tun yana ɗanye, a kai ɗakin gwaji. Wanda ya tsaya sai ya bushe ya rasa wannan dama. Gwajin jini kuwa yana neman alamar da jiki ya samar ne don yaƙar ƙwayar, wadda kan ɗauki makonni, wani lokacin har wata uku zuwa huɗu, kafin ta bayyana. Wanda ya yi shi kwana biyar bayan saduwa ya yi asarar kuɗinsa. Gwajin jinin yakan kuma nuna akwai alhali babu, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ba ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu lafiya da ba su da wata alama.

Akwai abin da ya fi harfis gaggawa. Idan an sadu ba kariya da wanda ba a san matsayinsa ba, akwai magungunan riga-kafin ƙanjamau da ake sha na kwana 28, amma sai an fara cikin sa'a 72. Mutane da dama kan ɓata waɗannan sa'o'i suna duba ƙurji da tocila.

To in an tabbatar harfis ce fa? Ba ta da maganin da zai fitar da ita daga jiki, duk mai lasifika a tasha da ya ce garin maganinsa na wanke ta ƙarya yake yi. Kafso na ampikulos da yaron kemis zai ƙirga maka ma ba ya taɓa ta, don ba irin ƙwayar da yake kashewa ba ce. Abin da ke aiki shi ne asiklobir, wanda aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1980, da ɗan'uwansa balasiklobir. Suna rage kwanakin ciwo, musamman in an fara da wuri, kuma ga mai yawan fitowa ana iya sha kullum. Fitowar baya ba ta kai ta farko zafi, kuma tana raguwa da shekaru. Masu ita na yin aure, suna haihuwa lafiya. Ana dai ƙaurace wa saduwa daga jin tsikari har gyambo ya warke sarai, a kuma gaya wa abokin zama gaskiya, domin ana iya yaɗa ta ko babu ƙurji, kwaroron roba yana ragewa ne kawai.

Wurare biyu ba a wasa da su. HSV-2 na ninka haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan sau uku, don haka a haɗa da gwajin ƙanjamau. Mai juna biyu kuma, musamman wadda ta fara ganin ƙuraje a watannin ƙarshe, ta gaya wa ma'aikatan awo ba ɓoye-ɓoye, domin jariri na iya ɗauka wajen haihuwa, a wurinsa kuwa cutar na iya kisa. Akwai magani, akwai kuma tiyata in ta kama.

Mai karatu, in kai ne ke cikin wannan hali, ka daina matsa wurin, kar ka shafa masa komai, ka rubuta ranar saduwa da ranar da abin ya fito, ka tafi asibiti tun ƙurjin bai bushe ba.