Bututun kabon: An yi masa burin jirgin sama, amma batir ne ke kawo kuɗin

A shekarar 1991 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Japan, Sumio Iijima, wanda ke aiki a kamfanin NEC, ya wallafa bayanin wasu siraran bututai da ya gano a cikin kunkunniyar sinadarin kabon. Tun daga lokacin ake ta hasashen cewa waɗannan bututai, da masana ke kira nanotub, za su maye gurbin ƙarfe a jiragen sama da kumbunan sama jannati. Yau fiye da shekara 30 ke nan, kuma kasuwarsu ta buɗe, sai dai ba ta ƙofar da aka zuba wa ido ba.

Kabon ba baƙon abu ba ne. Shi ne a cikin gawayi, shi ne bakin fensir, shi ne kuma daiman. Abin da ya bambanta su kawai shi ne yadda ƙwayoyinsa suka jeru. A jikin nanotub ƙwayoyin sun saƙu ne kamar saƙar zuma, sannan suka naɗu kamar tabarma. Akwai mai bango ɗaya, akwai mai bango da yawa, wani a cikin wani. Kaurin mai bango ɗaya bai wuce nanomita ɗaya zuwa biyu ba, wato gashin kan mutum ya ninka shi kauri sau dubu 50 ko fiye. Duk da wannan siranta, gwaje-gwaje sun nuna bututu guda ya ninka ƙarfe ƙarfi sau gommai, nauyinsa kuwa kusan kashi ɗaya cikin shida ne na ƙarfen. Yana kuma ɗaukar wutar lantarki da zafi sosai.

Dalilin da ya sa masu ƙera jirage suka kwaɗaitu a bayyane yake. A harkar sufurin sama nauyi kuɗi ne, domin kowane kilo da jirgi ya ɗauka mai yake sha har tsawon rayuwarsa. Shi ya sa kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 ba ƙarfe ba ne, haɗin zaren kabon ne da roba mai tauri, haka ma Airbus A350. Amma irin wannan jiki ba ya ɗaukar lantarki kamar alminiyam, don haka sai an shimfiɗa masa ragar ƙarfe saboda tsawa, ga kuma nauyin wayoyin tagulla da suka ratsa jirgin. Abin da zai haɗa ƙarfi da rashin nauyi da ɗaukar lantarki zai warware matsala uku a lokaci guda.

An ɗan taɓa. Kumbon Juno, wanda hukumar NASA ta harba a watan Agustan 2011 ya kuma isa duniyar Jufita a Yulin 2016, ya tafi da shimfiɗun nanotub da kamfanin Nanocomp na jihar New Hampshire a Amurka ya saƙa, domin kare wasu sassansa daga tartsatsin lantarki. Kamfanin Lockheed Martin ma ya sanya shi a marufin ƙarshen fikafikan jirgin yaƙi samfurin F-35. Abin lura a nan shi ne, a duka wuraren biyu ba a ɗora masa nauyin jirgi ba. Kuma kumbo ɗaya ba ya ciyar da masana'anta.

Babban cikas ɗin yana cikin halittar abin da kansa. Ƙarfin da ake yabo na bututu ɗaya ne tilo, shi kuwa gajere ne, galibi bai kai milimita ɗaya ba. Fiffiken jirgi yana buƙatar tiriliyoyinsu a haɗe. Duk wanda ya san tufkar igiya ya san cewa idan zaruruwan gajeru ne, igiyar ba tsinkewa take yi ba, zamewa take yi. Haka bututan suke zame wa juna idan an ja su. Idan kuma aka zuba su cikin narkakkiyar roba sai su dunƙule kamar garin da ba a dama da kyau ba, kuma kowane gudaji rauni ne.

Sai batun amincewar hukumomi, wanda ke cin shekaru, kuma masana'antar tana da dalilin yin taka-tsantsan. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Rolls-Royce na Ingila ya yi gaggawar ƙera farfelar injinsa na RB211 da zaren kabon, wanda a lokacin shi ne sabon abin yayi. Farfelar ta farfashe a gwajin karo da tsuntsu, aka koma wa ƙarfen titaniyam, kuma tsadar aikin injin ta durƙusar da kamfanin a 1971 har sai da gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi. Zaren kabon bai zama rabin jikin jirgin fasinja ba sai da 787 ya fara jigila a 2011, shekara 40 bayan haka.

Ba kowane mai jari ne ke da wannan haƙuri ba. Kamfanin Bayer na Jamus ya buɗe masana'antar nanotub mai iya samar da tan 200 a shekara a garin Leverkusen a 2010, amma a 2013 ya tattara ya bar harkar, saboda bai hango babbar kasuwa a kusa ba. Shi ma Nanocomp sayar da shi aka yi wa kamfanin Huntsman a 2018.

Kasuwar da Bayer bai jira ba ta zo ne ta hanyar batirin litiyam. Kowane batir yana buƙatar ɗan garin kabon da zai sada lantarki tsakanin ƙwayoyin da ke riƙe caji. Da nanotub, ɗan kaɗan ya isa, don haka ana samun ƙarin gurbin abin da ke riƙe cajin. A nan ba a neman ya ɗauki nauyin komai, saboda haka zamewar da ta hana shi shiga fiffike ba ta dame shi ba. Bunƙasar motoci masu amfani da lantarki ta mayar da wannan babbar hanyar sayar da shi a duniya. Kamfanin Cnano na China da LG Chem na Koriya ta Kudu suna samar da shi da dubban tan, yayin da OCSiAl, mai hedikwata a Luxembourg, ya buɗe masana'antar mai bango ɗaya a Sabiya a 2024. Farashin mai bango da yawa ya sauko ƙasa da dala 100 kan kilo tun tuni. Mai bango ɗaya har yanzu ya ninka shi tsada nesa ba kusa ba. Ba mamaki ɗan kasuwar da ke shigo da batiran sola daga China yana sayar da nanotub a shagonsa ba tare da ya taɓa jin sunansa ba.

Ana kuma zuba shi a robar bututun man mota da fentin daɓen masana'antu domin hana tartsatsi. Sai dai ƙurarsa abin kiyayewa ce: a 2014 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wani nau'insa, MWCNT-7, a jerin abubuwan da ka iya haddasa cutar.

Fatan masu jiragen sama yanzu ya koma kan waya da zare. Masu bincike a Jami'ar Rice da ke Texas sun sanar a 2013 cewa sun kaɗa zaren nanotub mai tsawo da ke ɗaukar lantarki, kuma wani kamfani da ya fito daga jami'ar, DexMat, yana sayar da shi da sunan Galvorn. A jami'ar dai ake ƙoƙarin fasa iskar gas ta mitan gida biyu, a sami haidirojin a gefe guda, kabon ɗin kuma ya zama nanotub maimakon hayaƙi. Wannan iskar ce dai ake ƙonawa a banza dare da rana a rijiyoyin mai na yankin Neja Delta.